Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga 'yan adawa na majalisar Gana: dan Allah ku daina tashi kuna barin kujeru

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe Onarabul Alexander Afenyo-Markin, da dukkan 'yan majalisa na ɓangaren marasa rinjaye, waɗanda mu a nan bakin titi muke ce wa mainoriti.

Bari in fara da maganar da zata sa wasunku su ce toh me ya kawo ka: ni ban zaɓe ku ba. A Disamba 2024 lema na dangwala wa, alamar jam'iyyar NDC mai mulki yanzu, a 2020 ma haka, kuma duk wanda ya san Aboabo ya san wannan ba abin mamaki bane, giwar jam'iyyarku ta NPP ba ta cika samun ciyawa a layinmu ba. Ina da teburin MoMo, wato na tura kuɗi da cirewa ta waya, kusa da tasha a nan Aboabo cikin Kumasi, shekara 9 kenan ina zaune wuri ɗaya ina shan ƙura da hayaƙi, sannan ina da pragya guda ɗaya, keken haya mai ƙafa uku, da ɗan yayana yake ja. Iyakar dukiyata kenan. Akwai wata 'yar rediyo da nake ajiyewa a gefen littafin lissafi, eriyarta ta karye na ɗaure da waya, in ana zaman majalisa kuma aka sako shi kai tsaye ina saurare tsakanin kwastoma da kwastoma, wani lokacin har in ba mutum canji ba daidai ba saboda hankalina yana Ankara, tamu ta nan nake nufi ba ta Turkiyya ba.

Dalilin da yasa wanda bai zaɓe ku ba yake rubuto muku shi ne, mutanen da suke yi mana tambaya a da, yanzu su ne ake tambaya. Ɗan majalisarmu na Asawase, Alhaji Muntaka, tun 2005 yake kan kujerar nan, kuma ba zan manta daren 6 ga Janairu 2021 zuwa wayewar gari ba, muna zaune a wajen mai shayi mun zagaye talabijin har asuba, sojoji suka shiga zauren majalisa, wani ɗan ɓangarenku ya wafce takardun zaɓen kakaki ya ruga da gudu, Alhaji ya bi shi a guje, unguwa ta ɗauki ihu kamar an ci ƙwallo. Yau shi ne ministan cikin gida. Haruna Iddrisu yana ma'aikatar ilimi, Ato Forson yana riƙe da kuɗi, Ablakwa yana harkokin waje, Mahama Ayariga shi ne jagoran masu rinjaye. Tsarin mulkin 1992 da kansa, sashe na 78, shi ya ce yawancin ministoci daga cikin majalisa za a ɗauko su. Toh ministan da ya zauna aka yanke shawara da shi, ta yaya gobe zai miƙe a zaure yace ina aka kai kuɗin? Ba zai yi ba, kuma ban ga laifinsa ba, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na bayansu kuma kowa yana jiran a kira shi a bashi mataimakin minista ko kujerar wata hukuma, wa zai ɓata rawarsa da tsalle.

Saura ku. Ku 88 aka rantsar a Janairu 2025, su 'yan NDC sama da 180 cikin 276, kuma kusan rabinku daga nan Asante kuka fito, wasunku ta gaban teburina suke wucewa in zasu filin jirgi. Ina so ko bana so, bakina a majalisa yanzu ku ne.

Shi yasa abin da ya faru ranar 3 ga Yuni 2025 ya tsaya min a rai har yau. An kawo gyaran dokar harajin makamashi, sidi 1 a kan kowace litar fetur da dizal, aka kawo shi da takardar gaggawa, wato a karanta a yi komai a gama rana ɗaya, aka gama da dare. Kun yi magana, naji, kun kira shi harajin dumso, wato na ɗauke wuta, sunan ma ya kama bakin mutane. Daga nan kuka tattara takardunku kuka fice. Washegari ɗan yayana ya zo karɓar makulli yace Baba wai an ƙara sidi ɗaya, nace eh, yace su waɗancan fa me suka yi, nace sun fita, yace sun fita ina? Wallahi na rasa amsar da zan bashi. Yaron nan yana shan kamar lita 5 a rana in kasuwa ta yi kyau, sidi 5 kenan, a wata 150, kuma daga cikin balans ɗin da yake kawo min ko daga cikin kuɗin kokonsa zai fita, babu wani wuri na uku. Tun tsakiyar Yuli 2025 da aka fara karɓa muke biya.

Kar ku ce ban yi wa gwamnati adalci ba. Gaskiya ne a lokacin sidi ta yi ƙarfi, dala ta sauko daga wajen 15 zuwa kusan 10, mai ya yi sauƙi a gidan mai, shi yasa suka ce ba zamu ji zafin ba, kuma bashin ɓangaren wuta da ministan kuɗi ya faɗa, dala biliyan 3.1, ba aljani ne ya ci shi ba, dole wani ya biya. Amma ai nan ne aikinku yake. Yaushe harajin zai ƙare, ko shi ma irin na 2015 ne, dokar ESLA da aka ce mana don biyan bashin wuta aka yi ta, ga shi shekara 10 da wani abu muna biya bashin kuma yana ƙaruwa? In dala ta sake hawa za a cire ko za a bar mana shi a kai? Nawa ake tarawa duk wata, wane asusu yake shiga, wane kamfanin wuta aka biya nawa? Dokar ta tilasta wa ministan kuɗi ya kawo rahoton waɗannan kuɗaɗen gaban majalisa duk shekara, cikinku wa ya zauna ya karanta na bara shafi shafi? Da kun zauna kun kawo gyara ko guda ɗaya, misali a rubuta ranar da harajin zai mutu a cikin dokar, ko a ce duk wata uku a kawo lissafi, zasu kayar da ku da yawan hannu, na sani, amma dole kowannensu ya nuna fuskarsa ya ƙi, kuma ya shiga Hansad, kundin da ake rubuta duk abin da aka faɗa a zauren, ranar da suka zo neman ƙuri'a mu buɗe musu shafin. Da kuka fita kun sauƙaƙa musu aiki ne, ko gumi basu yi ba.

Kuma ba ku kuka fara ba, wannan ciwon na kowa ne. Ni E-Levy, harajin tura kuɗi ta waya, a jikina na ji shi ba a rediyo ba. Nuwamba 2021 ministan kuɗinku Ken Ofori-Atta ya kawo shi a kasafin kuɗi, kashi 1.75, lokacin majalisa tana 137 da 137 da ɗan majalisar Fomena mai zaman kansa da ya jingina da ku. Ranar 20 ga Disamba aka ba hammata iska a zauren, manyan mutane da manyan riguna suna kai wa juna naushi, duniya tana kallo. An ja an ja har 29 ga Maris 2022, ranar da za a yanke, mutanena da na zaɓa suka tashi suka fice, aka zartar da shi a kashi 1.5 babu su, suka tafi kotun ƙoli, 1 ga Mayu aka fara cira, kotu kuma ta ƙi dakatarwa. Satin da ya gabaci ranar ban taɓa ganin layi irinsa a teburina ba, kowa cire min cire min, kafin azahar tsabar kuɗina ta ƙare sai in rufe in tafi neman wata. Wata tsohuwa mai sayar da waken suya da gyaɗa ta zo da wayarta a ƙulle cikin leda cikin gefen zani tace ɗana fitar min da su duka kafin gwamnati ta cinye, na yi mata bayani har na gaji cewa in ba ta tura sama da sidi 100 a rana ba babu abin da za a taɓa mata, tace ni dai bani kuɗina in gansu da idona. Bayan nan mutane suka koyi dabara, maimakon ya tura daga wayarsa sai ya kawo min kuɗi a hannu yace sa min a lambar wane. Gwamnati ta yi lissafin kusan sidi biliyan 7 a shekarar farko, ko kusa ba a je ba, aka rage shi zuwa kashi 1 a 2023, aka binne shi a Afrilu 2025.

Abin da nake so ku duba a labarin nan, ragin da aka samu daga 1.75 zuwa 1.5 da watannin da aka jinkirta, duk lokacin da suke zaune kan kujerunsu ana ƙirga kawuna aka same su. Ranar da suka fita ranar aka gama da mu. In mutum 137 sun fita bai hana komai ba, ku da ba ku kai 90 ba fitarku me zata hana?

Na san amsar da zaku bani, ina jinta kullum a rediyo: yawanmu bai kai ba, duk abin da muka ce sai su danne. Haka ne, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma da wannan adadin ko ministan da ya yi ɓarna ƙiri ƙiri ba zaku iya tsige shi ba, sashe na 82 kashi biyu cikin uku yake nema, su ma a Disamba 2022 da suka gwada a kan Ofori-Atta 136 suka samu abin ya mutu, kuma ranar ku ne kuka fice, kun gani ko, kowa da ranar fitarsa. Amma tambaya ba ta buƙatar yawa. Mutum ɗaya ne yake rubuta ta ya ajiye a ofishin magatakarda, dole minista ya zo ya tsaya ya amsa, in ya yi kwana kwana a sake jefa masa wata a kai nan take. Ku tuna abin da Ablakwa ya yi muku. Ni ba masoyinsa bane sosai, yana da son kyamara, amma mutumin nan shi kaɗai ya hana ku barci a kan jirgin hayar shugaban ƙasa da kuma babban cocin ƙasa, ba da ihu ba, takarda yake fitowa da ita, ga kwanan wata ga adadi ga sa hannu, har ya zama yaro a Aboabo ya san an kashe kimanin dala miliyan 58 kuma abin da ke wurin rami ne. Wannan ramin ya ci muku ƙuri'a fiye da duk wani gangami da aka yi a ƙasar nan.

Kuma ku kun fi shi abin aiki, wannan shi ne abin da yake bani haushi. Shekara 8 kuna cikin ɗakin nan, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A cikinku akwai waɗanda suka riƙe ma'aikatar kuɗi, akwai waɗanda suka zauna da mutanen asusun bada lamuni na duniya IMF aka yi yarjejeniyar dala biliyan 3 a 2023, akwai waɗanda suka san yadda ake raba kwangila gida gida don kar ta kai adadin da za a yi tallarta, kun san wace durowa ake ɓoye wace takarda. Kwamitin binciken kuɗin gwamnati, PAC, a hannunku yake, al'adar majalisa ce ɗan adawa ke shugabantarsa, yanzu Onarabul Abena Osei-Asare ce, kuma ina jin daɗin zamansu in an sako, yadda ake tsare daraktoci ana tambayarsu rasit suna share gumi. Sai dai duk shekara abu ɗaya ne, Odita Janar ya kawo rahoto, a kira mutane a yi musu faɗa a talabijin, a ce su mayar da kuɗi cikin kwana kaza, shikenan sai wata shekarar. Wa yake komawa bayan wata shida ya duba ko an mayar? Ni a teburina in na tura kuɗi lambar da ba ita ba, ba na barci sai na bi sawunsu, in kira in sake kira in je har gida in an san gidan, don daga aljihuna zasu fita. Irin wannan bin sawun nake nema a wajenku. Sashe na 181 ya ce babu bashin da gwamnati zata ciyo sai ya bi ta gabanku, sashe na 174 ya ce babu haraji sai da dokar majalisa, ga dokar 'yancin samun bayani ta 2019 wadda ku da kanku kuka zartar, ga sabbin ƙa'idojin majalisa na 2024 da suka buɗe zaman kwamitoci ga jama'a. Kayan aiki ne jibge, amma abin da muka fi gani shi ne an jera a bayan makirfo an sa baƙaƙen kaya ana karanta takardar da aka rubuta cikin fushi, gobe a manta.

Na ce makirfo sai na tuna 30 ga Janairu 2025, daren tantance ministoci, da aka kife tebura aka farfasa makirfo saboda gardamar a ci gaba ko a bari sai gobe, har kakaki Bagbin ya dakatar da mutum huɗu, uku naku ɗaya nasu. Teburan nan da kuɗin wa aka saya? Ni dai na san nawa kafinta ya karɓa da ya gyara min ƙafar nawa. Kuma abin takaici, a cikin zaman tantancewar nan an yi tambayoyi masu kyau, Onarabul jagora kai da kanka ka tsare wasu na awanni, amma babu wanda yake tuna ko ɗaya, teburin kawai ake tunawa.

Yanzu maganar da ba zaku so ba. Duk lokacin da ɗayanku ya miƙe yana maganar wahalar talaka, a wajen mai shayi dariya ake yi, wani yace ji wai su. Mutane basu manta Disamba 2022 ba da hauhawar farashi ta kai kashi 54, muna sayen abu da safe da yamma ya canja kuɗi. Basu manta tsofaffin 'yan fansho ba da suka yi ta zama a ƙofar ma'aikatar kuɗi saboda an taɓa musu ajiyarsu, har tsohuwar alƙaliyar alƙalai Sophia Akuffo ta ɗauki kwali ta zauna cikinsu. Basu manta ku ma a 2021 kun ɗora pesuwa 20 da pesuwa 10 a kan lita ba, harda wanda ake ce wa harajin bola. Basu manta Odita Janar Domelevo da aka tura hutun dole a 2020 ba, wanda kotun ƙoli ta zo a 2023 tace ba a bi tsarin mulki ba, bayan aikin gama ya gama. Lokacin kuna da baki a cikin gida kuka yi shiru, sau ɗaya kuka yi yunƙuri, Oktoba 2022 da wasunku kusan 80 suka ce a cire ministan kuɗi, aka kira ku aka lallashe ku kuka koma kuka zauna. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Ban kawo wannan don in ce ku yi shiru ba, Allah ya kiyaye, in kun yi shiru mun shiga uku. Na kawo ne don in ce hanya ɗaya ce zata sa a daina dariyar, ku miƙe ku ce eh mun yi, ga inda muka yi kuskure, ga yadda aka yi kuɗin suka zube a hannunmu, kuma ga shi muna ganin an kama hanyar nan. Wallahi ranar da wani cikinku ya faɗi haka a zauren, rediyon kowa a tasha za a ƙara wa murya.

In faɗi alheri kuma inda kuka yi shi. Satumba 2025 da aka ji gwamnati ta amince ta karɓi 'yan Afirka ta Yamma da Amurka ta koro, har mutum 14 sun riga sun sauka, kun tashi kun ce ina yarjejeniyar, me yasa ba a kawo ta majalisa ba alhali sashe na 75 yana nan, kuka tuno da hukuncin kotun ƙoli na 2017 a kan mutum biyun nan da aka kawo daga Gwantanamo. Wannan ita ce adawa, babu zagi babu fasa tebur, ga doka ga hukunci ga tambaya. Abin da ya rage shi ne naci, don gwamnati ta san halinku, ta san in ta yi shiru sati biyu zaku koma wani zancen.

Maganar kora ba wasa bace a wajen ɗan zango, kuma nan ne nake so ku fahimci me yasa nake wannan dogon surutu. Kakana, Allah ya jiƙansa, ya sha bamu labarin Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, manyan zangon Kumasi, jagororin jam'iyyar Musulmi ta wancan lokaci waɗanda suka ƙi bin CPP, jam'iyyar Nkrumah mai mulki. Watanni kaɗan bayan samun 'yancin kai, a 1957, aka ce a kore su zuwa Najeriya, suka je kotu suka ce nan aka haife mu, ana cikin shari'a gwamnati ta ga abin zai ja, sai ta koma majalisa inda take da yawa aka yi doka ta musamman mai ɗauke da sunayen mutum biyun nan, shari'a ta mutu, aka sa su a jirgi. Doka guda sukutum saboda mutum biyu. Su waɗannan mutanen naku ne fa, ɓangaren kakanninku na siyasa suke. Bayan shekara 12 kuma kakannin naku suka hau, Busia yana da kujeru 105 cikin 140, a Nuwamba 1969 aka ba baƙi sati biyu su fice, zango ya watse, mutane suka sayar da gida a kuɗin akuya, kakata har ta rasu tana ambaton ƙawarta da suka rabu a tashar mota ba su sake haɗuwa ba. Don haka mu mun ɗanɗana daga hannun kowa, kuma duka biyun lokacin da ɓangare ɗaya ya cika majalisa ne babu mai iya taka masa birki. Har gobe in mai suna irin nawa ya je wani ofis neman takarda sai an tambaye shi garin kakansa, ni an yi min, ina tsaye da takardar haihuwata ta nan Kumasi a hannu. Ban ce gwamnatin yanzu tana da wannan niyyar ba, ni na zaɓe ta kuma har yanzu ban yi nadama ba, kuɗin Hajji ma ta rage daga sidi 75,000 zuwa 62,000 a 2025 mun gani mun gode. Amma yawa irin wannan ko a hannun waliyyi yake ina so a samu mai tsaye a kansa.

Tunda ku ne kuka kafa Asusun Raya Zango da dokar 2017, kuka yi mana ma'aikata guda wadda kuma kuka rushe a 2021, ku ne kuka fi cancanta ku tambayi inda aka kwana. Nawa aka ware masa a kasafin bana, nawa aka saki a zahiri, don mun gane warewa daban saki daban. Kuma in kuna tambaya ku haɗa da naku lissafin, ban da filayen ƙwallo masu ciyawar roba me aka bari a ƙasa. Asusun Soyayya da NDC ta yi mana alkawari a takardar manufofinta don jarin masu ƙananan sana'a fa, yana ina, wa ya samu, ta wace ƙofa ake shiga? Tattalin arzikin awa 24 da aka ƙaddamar a Yuli 2025, mu nan dama awa 24 muke yi, mai shayi da mai tsire da mai pragya basu san dare ba, abin da muke so mu ji shi ne fitilar titi da tsaro da kuɗin wuta. Ga rafin Aboabo da yake shigo mana ɗaki duk damina da ledoji da komai, ga kashi na biyu na kasuwar Kejetia da 'yan kasuwa suka tashi suka bada wuri shekara da shekaru suna jira a bakin titi. Waɗannan ba sai kun yi fushi ba, ku rubuta su kawai ku ajiye, minista ya zo ya faɗi rana da adadi, ku rubuta ranar, in ta zo ku sake kiransa.

Sannan in kun samo amsar ku kawo mana ita da harshen da muke ji. Ƙa'idar majalisa ta yarda ɗan majalisa ya yi magana da harshen gida, kuma a cikinku akwai masu jin Hausa sarai, muna jinsu lokacin kamfen suna gaishe mu da ita har da karin magana. Ga Zuria FM nan a gari, ga masallatai ga wajen masu shayi. Ku zo ba lokacin zaɓe ba, ba da buhun shinkafa da sukari na azumi ba, ku zo da takarda ku ce ga abin da muka tambaya ga abin da aka ce mana. Ba zan yi muku alkawarin ƙuri'ata ba, kar in yi ƙarya, amma zan ba ku benci ku zauna kuma zan tara muku mutane.

Ɗan yayana ya dawo yanzu yana jira in ƙirga balans, yace taya ta baya ta sake yin faci kuma mai ya ɗan motsa a gidan man da yake sha. Tambayarsa ta ranar nan har yanzu tana nan ban amsa ba, kuma yau ya ƙara wata, wai sidi ɗayan nan da yake biya tun bara nawa ta zama gaba ɗaya kuma wa aka ba. Nace masa zan tambayi waɗanda aikinsu ne su tambaya. Onarabul, in majalisa ta koma zama, rediyona tana nan a kunne.

Naku,
wani mai teburin MoMo a Aboabo, Kumasi